Baƙon da Ba a Yi wa Uzuri

Duk wanda na shaida wa a Kano cewa zan jingine aikin jarida na ɗan lokaci in tafi Habasha koyarwa a ƙauye, amsa ɗaya yake ba ni: ai gida za ka. Ƙasar Najjashi ce, sarkin da ya karɓi sahabbai a hijirar farko ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Tsatson Bilal daga can yake. Baƙaƙe ne irinmu, ga Musulmi rututu, me zai gagare ka? Mahaifiyata ce kaɗai ta yi tambayar da ta dace. Ta ce, "To, me suke ci?"

Ba ta shirin gwamnatin Najeriya na tafi ba, wanda aka kafa a 1987 zamanin Babangida, mai tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik su yi shekara biyu. Wata ƙaramar ƙungiya ce mai neman masu jin Turanci su tallafa wa makarantun karkara ta ɗauke ni. Ba albashi, sai kuɗin sabulu da wurin kwana a gidan mutanen gari.

Na bar Kano a tsakiyar Satumbar 2018, na sauka a Addis Ababa na tarar ana makon farko na shekarar 2011. Kalandarsu wata goma sha uku ce: goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, sai wani ɗan guntu mai kwana biyar ko shida a ƙarshe, sabuwar shekara kuma tana kamawa 11 ko 12 ga Satumba. Wannan mai sauƙi ne, takardu kawai yake rikitawa. Agogo ne ke wahalar da baƙo. Suna fara ƙidayar sa'o'i ne daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safenmu shi ne ƙarfe ɗayansu, tsakar rana kuma ƙarfe shida. Motar da aka ce mini za ta tashi ƙarfe goma sha ɗaya, da asuba ake nufi. Wata jami'ar ƙungiyar ta ce in riƙa tambaya duk lokacin da aka ba ni alƙawari: agogon Habasha ko na Turawa? Daga baya na gane cewa a ƙauye wannan tambayar ba ta da amfani, don agogo ɗaya suka sani.

Birnin yana cikin wani irin murna a lokacin. Abiy Ahmed ya hau kujerar firaminista a Afrilun shekarar, ya sasanta da Eritriya, an buɗe iyaka a ranar sabuwar shekara bayan shekaru ashirin na gaba. Hotonsa na manne a gilashin kusan kowace tasi. Ban zauna ba, arewa na nufa.

Daga Addis zuwa Dessie, babban birnin Kudancin Wollo a jihar Amhara, kimanin kilomita 400 ne, amma tafiyar wuni ce. Bayan Debre Berhan hanya tana hawa har ta haura mita 3,000, ta kutsa cikin ramin da Italiyawa suka huda a dutse lokacin mamayarsu ta 1936 zuwa 1941, sannan ta gangara ƙasa mai zafi inda raƙuma suke bayyana, ta ratsa Shewa Robit da Kemise da Kombolcha, ta sake murɗewa sama zuwa Dessie. Damina ta ƙare kenan, tsaunuka sun yi shar, wata fure ruwan ɗorawa ta rufe kowane gangare. A motar na fara cin karo da al'ada. Zafi ya taso a gangaren, ga cunkoso, wata yarinya tana ta amai a leda, amma tagogi a rufe ruf. Wani saurayi ya ɗan zuge tasa, sai dattijai suka yi masa caa. Sun yi imani iskar da ke shigowa ta taga tana sa ciwo. Haka muka isa, jiƙe da gumi, kowa lulluɓe da mayafi.

Ƙauyen da aka tura ni yana arewa da Dessie, bayan garin Hayk mai tafki da tsohon gidan zuhudu na Istifanos. Daga kwalta sai a hau Bajaj, wato Keke Napep ɗinmu, daga inda ya gaza kuma sai ƙafa. Gonaki hawa-hawa ne a jikin dutse, an tokare su da jeren duwatsu, ga kurmin itatuwan turare a bayan kowane gida. Gidan da aka sauke ni na wata gwauruwar tsohuwa ne, Kirista 'yar Cocin Otodoks, da zaren baftisma a wuyanta. Kowa Emama yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ni kuma ta laƙaba mini Memhir, yadda suke kiran malamin makaranta, har na bar garin ba ta kira sunana ba.

Tana ganina ta kama kafaɗuna biyu, ta sumbaci kumatuna dama da hagu da dama. Na sandare. Ɗan Kano da ko gaisawa hannu da hannu ba ya yi da matan da ba muharramansa ba, ga shi a tsakar gida ana kallo. Ba a gama wannan ba jikokinta mata suka jero suna miƙo hannu, kowace ta tallafe damanta da hagu ta ɗan rusuna. Tsohuwar dai na ɗauke ta uwa, na bar ta ta yi yadda ta saba. 'Yan matan kuwa na dafa ƙirji na sunkuyar da kai. Fuskokinsu suka canja. Sai da shugaban makaranta, wanda ya rako ni, ya yi dogon bayani kafin aka saki rai, kuma na lura bayanin bai gamsar da su duka ba, don Musulmin garin da suka sani suna gaisawa da su.

Nan ne bakin zaren abin da na daɗe ina juyawa a rai. A wani ƙauye da ke gaba akwai wata Ba'amurkiya 'yar shirin Peace Corps, wanda ya fara tura matasa Habasha tun 1962. Mukan haɗu a Hayk ranar kasuwa. Duk abin da ta yi ba daidai ba, dariya ake yi, a ce ferenj ce, ba ta sani ba. Ta miƙa abu da hagu, ta ƙi cin abinci, ta wuce dattijo ba gaisuwa, an yafe tun kafin ta yi. Ni ba ni da wannan gatan. Fatata irin tasu ce, ina sallah kamar rabin garin, in na yi shiru a kasuwa da Amharanci ake mini magana. Saboda haka in na kauce wa al'ada ba a cewa bai sani ba, sai a ce ya ƙi. Kamannin da aka yi mini albishir da shi a Kano shi ne ya zame mini kaya. Yara ma sun rasa inda za su ajiye ni. Bature ferenj ne, mai ƙananan ido Caina ne, ni kuwa bayan shawara suka tsayar da "Afirka". In na fito sai ka ji, "Afirka! Afirka!" kamar su a wata nahiyar suke.

Manya kuwa, da sun ji Najeriya sai ƙwallo. Ba su manta wasan share fagen gasar duniya na Oktoban 2013 ba, da Emenike ya zura musu biyu a Addis, kuma har gobe suna rantsuwa akwai ƙwallonsu da ta tsallake layi alƙalin wasa ya hana. Na biya bashin wannan ƙwallon a teburin mai shayi ba adadi.

Amsar tambayar mahaifiyata ita ce injera, safe da rana da dare. Da garin tef ake yin ta, wata ƙwaya da ta fi acca ƙanƙanta, a jiƙa ƙullun ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, a gasa. Kamar sinasir take, in ka faɗaɗa shi ya cika tire, ka cire sukari ka ƙara tsami. Ita ce faranti, ita ce cokali, ita ce abincin. A kanta ake zuba shiro, miyar garin wake mai kauri, ko miyar adas mai jan yaji da suke kira berbere. Harshe ya saba da wuri. Yadda ake cin ne ya ɗauki lokaci.

A gidajenmu, girmama baƙo shi ne a kai masa akushinsa ɗaki, a ja masa ƙofa, ya ci ba idon kowa. Da na nemi a yi mini haka, Emama ta ɗauka wani laifi aka yi mini. A wurinsu mutum ba ya ci shi kaɗai sai in ba shi da kowa. Tire ɗaya ne, maza da mata, tsoho da yaro. Kuma ana cikin ci sai ta naɗo loma ƙatuwa da hannunta ta nufo bakina. Gursha kenan, alamar ƙauna da karramawa, kuma ba a yin ta sau ɗaya a tsaya. Rabon da wani ya ba ni abinci a baki tun ina zanen goyo. Na buɗe baki na karɓa, jikoki suna ta ƙyaƙyata dariya. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne suna da irin kunyarmu: an san baƙo zai ce ya ƙoshi alhali bai ƙoshi ba, don haka ba a yarda da "na ƙoshi" na farko, ko na biyu. Ni da nake faɗa da gaske, ba wanda ya saurare ni. Dabarar da na koya daga wani malami ita ce ka rage ɗan abinci a gabanka, ka ja baya da jikinka, ka yi godiya ga Allah da ƙarfi.

Sai nama, inda na fi daɗewa ina tunani.

Kiristocin Otodoks na Habasha ba sa cin alade, kuma suna da azumi mai yawa: kowace Laraba da Juma'a, da kwana 55 kafin Ista, da wasu lokutan daban, ba nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai. A irin waɗannan ranaku ba ni da matsala, tukunya ɗaya muke ci. Amma in ranar nama ta zo, gari ya rabu biyu. Kirista ba ya cin yankan Musulmi, Musulmi ba ya cin yankan Kirista. A Dessie za ka ga rumfar mahauci da alamar gicciye, ta kusa da ita da jinjirin wata. Ranar bikin Kirsimetinsu, 7 ga Janairu, Emama ta sayi kaji biyu. Ɗaya ɗanta ya yanka, ɗaya ta aika wa maƙwabcinta Musulmi ya yanka, ta dafa a tukwane biyu da ludaya biyu, ta tsaya a kai kada a gauraya. Ita ba ta ɗanɗana tawa ba ko don jin gishiri.

Na taɓa ce wa limamin masallacin garin, cikin Larabcin da muke lallaɓawa da shi, ai Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi. Ya yi murmushi ya ce, "Ustaz, ayar na san ta. Amma a nan, in aka ga ka ci naman Kirista, gobe za a ce ka shiga addininsu. Su ma haka." Tarihi ne a bayan maganarsa. A 1878 Sarki Yohannes na Huɗu ya tara taro a Boru Meda, kusa da Dessie, bayansa aka tilasta wa Musulmin Wollo karɓar Kiristanci. Babban basaraken yankin, Muhammad Ali, ya koma Ras Mikael, kuma ɗansa Lij Iyasu ya gaji gadon sarautar Habasha, aka tuɓe shi a 1916 bisa zargin karkata ga Musulunci. A ƙasar da addini ya sha sauyawa a cikin gida ɗaya, wuƙar yanka ce ta zama iyakar da kowa ke gani. Ban ci naman ba. Ba don haramun ne a wurina ba, sai don cin zai faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba.

Abin mamakin shi ne, ban da wannan iyakar kusan babu wata. Ƙanwar Emama Musulma ce. Akwai ɗalibina mai sunan Musulmi, sunan mahaifinsa na Kirista, na kakansa na Musulmi. In ana biki, mai gida yakan tanadi dabba ta biyu ya miƙa wa maƙwabta su yanka da hannunsu. Na ga Kiristoci suna ɗaukar itace ranar gyaran rufin masallaci. Na fito daga ƙasar da unguwanni suka rabu bisa addini bayan rikice-rikice, sai na zauna a garin da mutane ke auren juna amma ba sa cin naman juna. Har yau ban yanke wanne ya fi ban mamaki ba.

Ko a masallaci ban tsira daga zama baƙo ba. Shafi'awa ne. Liman yana bayyana Bisimilla a Fatiha, a Asuba kuma bayan ruku'u ake ƙunuti, a ɗaga hannuwa, mamu suna amin. Ni da na tashi a kan Iziyya da Risala, na saki hannuwana a sallar farko, sai na ji idanu a kaina bayan sallama. Wani dattijo da ya yi aikin hajji ya fitar da ni, ya ce ya ga 'yan Takari a Makka suna yin haka, mazhabar Imamu Malik ce. Daga ranar na samu daraja, har aka gayyace ni zaman daren Juma'a, inda ake rera manzuma, begen Annabi da Amharanci da Larabci, ana kaɗa ganga. Malaminsu ya nuna mini littattafan da aka rubuta Amharanci da haruffan Larabci, ajami sak irin na kakanninmu, ya yi mamaki da na iya haɗa baƙaƙen ko da ban san ma'ana ba. A zaman ne aka miƙo mini damin ganyen cat, wanda suke taunawa su raya dare, kuma suna ɗaukarsa abokin ibada. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ajiye a gabana, daga baya na tura wa na kusa da ni. Ba wanda ya ji haushi. Ashe karɓar ce wajibi, ba taunawar ba.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. Rabin gaskiya ce. Wanda ya ɗaura kowace jela ba a ganin girmansa, kuma mutanen ƙauye sun fi kowa gane mai kwaikwayo. Aikin da ke gaban baƙo shi ne tankaɗe: wanne ne addinina, wanne ne kawai yadda aka saba a Kano? Giyar gida da suke kira tella, wadda ake ba baƙo kamar ruwa, na ƙi ta kai tsaye, sai aka riƙa dama mini keribo marar sa maye. Ɗanyen nama da ake yanka a ci da yaji ranar biki, shi ma na ce cikina ba zai ɗauka ba. Amma cin abinci tare da mata, da zama a ɗakin da saniya ke kwance a ɗaya gefen, da barin tsohuwa ta ba ni loma, na duba na ga babu abin da suka taɓa sai girman kaina.

Gahawa ce makarantar da na fi koyon garin a cikinta. Ba a shan ta a tsaye. Za a shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, a wanke ƙwayar, a soya a kan garwashi, a zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, a daka a turmi, a dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya, ga turaren wuta, ga gugguru ko soyayyen sha'ir. Zagaye uku ne, na ƙarshe shi ne na albarka, tashi kafin shi rashin ladabi ne. A gidan Emama gishiri ake sawa maimakon sukari. Takan ɗauki fiye da sa'a guda, kuma maƙwabta suna kiran juna bi da bi. Da farko ina zuwa da littafin shirya darasi ina dubawa a fakaice. Da na daina, sai na fara jin abin da rajistar makaranta ba ta faɗa: wane yaro ne mahaifinsa ya sayar da sa, wace yarinya ake shirin aurarwa, wa ya samu shiga shirin tallafin gwamnati na aiki don abinci da aka fara a 2005, wa aka cire. A nan na saba da yadda suke amsa "e" da jan numfashi ciki, wani ɗan sauti kamar an firgita. Makonnin farko duk lokacin da Emama ta yi shi sai in waiga in ga me ya faru.

Makarantar rabi biyu ce, wasu da safe wasu da rana, don azuzuwa ba su isa ba. A sakandare da Turanci ake koyar da darussa, alhali yaran da Amharanci suka tashi, mai haruffansa na kansa sama da 200. Aikina shi ne in shirya 'yan manyan azuzuwan firamare kafin su faɗa wannan rijiyar. Ba sa ɗaga ido su dubi malami, ba sa tambaya, in ka ce an gane sai su ja numfashi gaba ɗaya. Wannan bai zame mini sabo ba, haka muka yi a gaban malamanmu. Lafazina ne ya ba su wahala, nasu ya ba ni, muka haɗu a allo.

Da Nuwamba ta kama, sanyi ya sauko har ruwan alwala yana ƙona yatsu, aji kuma ya zama kango. Girbin tef ya zo. Ana yanka da lauje a tsugune, a tara, a saki shanu su tattake a masussuka, kuma kowane hannu ana bukatarsa kafin ruwan bazata ya lalata amfanin shekara. Takardar ƙungiya ta ce in rubuta sunayen marasa zuwa in kai wa iyaye ƙorafi. Shugaban makaranta ya karanta ta, ya ninke, ya ce, "Memhir, mutanen nan sun ga 1984 da idonsu. Ba za ka gaya musu darasin Turanci ya fi hatsi ba." Wollo na cikin inda yunwar 1973 da ta 1984 suka fi yi wa ɓarna. Na bi yaran gona. Suna gayya irin tamu, debo suke ce mata, mai gona ya ciyar. Ban iya laujen ba, an mayar da ni ɗaukar dami tare da ƙananan yara, amma daga makon iyaye suka fara tsayar da ni a hanya.

Abin da ya shigar da ni gari sosai kuwa mutuwa ce. Wata asuba na ji ana busa ƙaho. Emama ta buga mini ƙofa, ta juya mayafinta yadda suke yi in ana makoki, ta ce in fito. Mamacin Kirista ne, ban taɓa ganinsa ba. Akwai ƙungiyar unguwa da suke kira iddir, kowane gida yana zuba ɗan kuɗi duk wata, in an yi rashi ita ce ke kafa rumfa, ta kawo kujeru da tukwane, ta haƙa kabari, ta ciyar da masu zaman makoki kwana uku. Musulmi da Kirista duk suna ciki. Kuka ake yi da ƙarfi, maza da mata, ana dukan ƙirji, mata kuma har bakin kabari. Mu da aka hore mu da haɗiye kuka da "sai haƙuri", abin ya yi mini nauyi. Musulmin garin suka raka gawa har ƙofar harabar coci suka tsaya, na tsaya tare da su. Kashegari ma'ajin ƙungiyar ya zo da littafinsa ya ce tunda ina kwana a unguwar, sai in zuba. Na zuba. Ba'amurkiyar nan ta kusa shekara biyu a nata ƙauyen, ba wanda ya taɓa kai mata littafin.

Bayan nan ne aka zo mini da buƙatar da ba ta cikin takardar aikina. Wata uwa ta same ni lokacin gahawa, ta ce ta ji ina jin Larabci, tana so in koya wa 'yarta. Ba na karatun addini ba, na magana: yadda ake cewa wanke, share, ban gane ba, ina albashina, ba ni da lafiya. Yarinyar Saudiyya za ta. Wollo na cikin yankunan da suka fi tura 'yan mata aikatau ƙasashen Larabawa, wasu ta jirgi, wasu ta ƙasa, su ratsa Jibuti, su haye teku zuwa Yaman da yaƙi ke ci. Korar da Saudiyya ta yi a ƙarshen 2013 ta dawo da Habashawa sama da dubu ɗari, amma ba ta tsayar da tafiyar ba. Gidajen da ke da sabon rufin kwano a ƙauyen, in ka bincika, akwai 'ya a Jidda ko Riyad. Ɗan Kano ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. A Habasha dai ƙasar noma ta gwamnati ce tun dokar 1975, ba a sayarwa, gonar uba kuma ta riga ta tsattsage tsakanin 'ya'ya.

Na ce mata in na koya mata, kamar na taimaka ta bar makaranta ne. Ta ja numfashin nan nasu, ta ce, "Memhir, tafiya za ta yi, ko ka koya mata ko ba ka koya ba. Bebiya kake so ta je?"

Na fara da ita a tsakar gidan Emama bayan la'asar. Kafin azumin Ramadan na 2019 tabarmar ta cika, Musulmi da Kirista. Na sa sharaɗi ɗaya, duk wadda ta yi fashin ajin safe ba ta zama na yamma, kuma ya yi aiki fiye da duk wata wasiƙar ƙorafi. Na haɗa musu da abin da na sani a matsayin ɗan jarida: kada fasfo ya bar hannunki in da hali, ki haddace lambar wani naki, ki san inda ofishin jakadancinku yake, hanyar teku kuma kabari ce. Ko daidai na yi, har yanzu ina jayayya da kaina. Limamin cocin garin ya goyi baya, wani malamin makarantarmu kuwa ya ce ina share wa dillalai hanya, kuma bai sake shan gahawa da ni ba.

Na sauko Addis a ƙarshen Yunin 2019, kwanaki kaɗan bayan an kashe shugaban jihar Amhara, Ambachew Mekonnen, a Bahir Dar, da babban hafsan sojoji Seare Mekonnen a Addis. An katse intanet, ga shingayen bincike a hanya, hotunan gilashin tasi kuma sun ragu. Da hannu na rubuta rahoton ƙarshe. Jami'ar ƙungiyar ta bi shi layi-layi, ta amince da adadin ɗalibai da sakamakon jarrabawa, ta tsaya a shafin ajin Larabci. Ta ce masu ba da kuɗi Turanci suka biya, kuma in suka ga wannan za su ce ƙungiya tana ƙarfafa ƙaura. Na ce shi ne kaɗai abin da garin ya roƙa da bakinsa. Ta ce ta sani, ita ma 'yar Wollo ce, yayarta tana Jidda. Sannan ta zare shafin ta miƙo mini, ta sa hannu a sauran. Ajin kuwa ɗan limamin masallaci na bar wa, kuma iyaye sun amince su riƙa biyansa da mudun tef.